Wa Ya Shiga Kafin Ni?

A gidan hayarmu Duba-gari suke ce mini, kuma ba don ƙauna ba. Ban damu ba. In laifina shi ne ba na iya cin abinci kusa da kwandon shara, ko ina sake ɗauraye kofin da wani ya rantse ya ɗauraye, to su ƙara mini wani sunan. Gida mai ɗakuna a jere da banɗaki ɗaya tak, in babu mai faɗa a cikinsa, kafin ka ankara ya koma juji.

Banɗakin yana can ƙarshen tsakar gida, bayan famfo. Na tsuguno ne, farin tangaram, tankinsa ya mutu tun kafin mu tare, sai dai kowa ya shiga da bokitinsa. Mu matan gidan muke wankewa bi da bi. Wasu in sun watsa ruwa sun ja ƙofa sun gama ke nan. Ni kuwa ba na dainawa sai na ga fuskata a jikin tangaram.

Wata safiya na tura ƙofar da bokitina, wari ya mare ni har sai da na ja baya. Na haifi yara biyu, na yi wankin kashi har na gaji, saboda haka ba baƙuwa ba ce ni a wannan fage. Wannan daban ne. Wari ne mai nauyi, mai ƙarni, kamar mushe ya kwana a kwata, kuma ba a hanci yake tsayawa ba, maƙogwaro yake kamawa. Na toshe hanci da gefen zani na leƙa. Baƙi ƙirin ne kamar kwalta, yana wani sheƙi, ya manne a jikin tangaram. An zuba masa ruwa, da alama, amma ko gezau. Na juye bokitina a kai, na koma famfo na ciko, na sake juyewa. Sai da na sa buroshi, kuma da na gama na jefar da buroshin a shara. Shayin da na sha kuwa a bakin famfo na mayar da shi duka.

Na tsaya a tsakiyar gida na ɗaga murya.

"Wa ya shiga kafin ni?"

Labule ɗaya ya motsa ya tsaya.

"Na ce wa ya shiga? Wallahi ko kyanwa in ta yi tana binnewa. Wanda ya bar wannan ba mutum ba ne, kuma uwarsa ba ta koya masa komai ba. Ruɓaɓɓe kawai! In na kama shi, a gaban kowa zan sa shi ya lashe."

Maigidana tela ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Yana zaune a bakin ƙofarmu da kofin shayi a hannu. Ya ce, "Maman yara, ki yi a hankali, mutane ne fa."

"Mutane? Je ka gani, sannan ka zo ka ce mini mutane."

Bai je ba. Ya ajiye kofin ya ɗauki makullin shago ya fita.

Na zaci an ji kunya an daina. Ina! Bayan kwana kaɗan abin ya dawo, ya tafi, ya sake dawowa. Na koma ba na iya ganin baƙin abu. In shinkafa ta kama a gindin tukunya, sai in kawar da kai. Na sayi sabon buroshi, shi ma ya bi ɗan uwansa. Na fara gadin ƙofar banɗaki da ido daga tagarmu, amma mai yi ya fi ni wayo, yana jira sai na tafi kai yara makaranta.

Zargina ya faɗa kan Direba, mai ɗakin da ke kusa da ƙofar waje. Babbar mota yake tuƙawa, kuma duk abin da aka miƙo masa ta taga a bakin hanya ci yake, da hannun da ya gama taɓa taya. Wa zai fi shi ruɓar ciki? Ban ambaci suna ba, na dai ce akwai masu yawon duniya suna kwaso mana masifa a tumbi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, sai ga matarsa ta fito tana ɗaura ɗankwali.

"Ke Duba-gari, da mijin wa kike?"

"Na kira suna?"

"Ai gara ki kira. Mijina yana hanya ranar da kika fara haukarki. Ki je ki nemi mai kashinki, ki bar mu."

Sai da aka shiga tsakaninmu. Daga ranar ko gaisuwa muka daina.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin tsakiya, Sista muke ce mata. Aikinta ya sa ba ta cika zama ba, shi ya sa rigimar duk a bakin mutane take jin ta. Ran da abin ya sake bayyana ta dawo daga aiki ke nan, ko takalmi ba ta cire ba na kamo hannunta.

"Zo ki gani da idonki, kada a ce sharri nake yi."

Na tsaya nesa na toshe hanci. Ita kuwa sai ta shiga, ta duƙa, ta kunna fitilar waya ta haska. Har matsowa ta yi. Na ce a raina wannan aikin nasu sai su. Da ta fito fuskarta ta canza.

"Yaya, tun yaushe ake ganin wannan?"

"An kwana biyu. Kin ga ƙazanta ko?"

"Ba ƙazanta ba ce. Jini ne."

Na ce jini ai ja ne, ko yarona ƙarami ya san wannan.

Ta wanke hannu a famfo, ta zauna a kan bokitin da na kife. Matan gida suka fara matsowa, har da matar Direba, tana daga baya-baya.

"In jini ya fito daga ƙasa, kusa da mafita, kamar na basir, ja za ki gan shi, don bai yi tafiya ba," in ji Sista. "Amma cikin mutum hanya ce doguwa. Abinci in ya wuce maƙogwaro tumbi yake faɗawa, can akwai wani ruwa mai tsami mai ƙuna da ke narka shi. Daga nan ya shiga ƙaramin hanji, jiki ya tsotse abin da yake so, ruwan maɗaciya ya rina shi, shi ne kalar da kika saba gani. Saura ya wuce babban hanji a tsane masa ruwa, ya fita. To in tumbin ya yi gyambo yana tsiyayar jini, ciki bai san na mai shi ba ne. Narka shi yake yi kamar nama. Kafin ya iso ƙasa ya dahu ya yi baƙi, ya yi danƙo, ya yi wannan warin."

Wato mutum yana cin kansa da kansa yana kasayarwa. Na ji yawu ya cika mini baki, na juya na tofar.

Wata ta ce ita da tana da ciki maganin ƙarin jini ya sa nata ya yi baƙi. Sista ta ce ta sani, amma wancan ba ya danƙo haka, ba ya wannan ƙarnin. Ta ce gyambon ciki wani lokaci ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wani lokaci kuma magungunan ciwon jiki da mutane ke watsawa a ciki ba ci ba sha, su cinye fatar tumbi.

"Ko waye, yana cikin gidan nan, kuma jininsa ƙarewa yake yi," ta ce. "Wata rana zai miƙe tsaye ya faɗi, ko ya yi aman jini. Don Allah ya same ni a ɓoye, ko ya wuce asibiti kai tsaye."

Ta bi ɗaki ɗaki ta faɗa. Kowa ya ce Allah Ya sawwaƙe, ba shi ba ne. Wa zai amsa? An riga an ce wanda ya yi ba mutum ba ne, an zagi uwarsa, an yi masa alkawarin lasa. Ni dai a kan tsafta na yi magana, kuma ko gobe na tarar da banɗaki haka sai na yi. Amma maganar ta riga ta zama katanga, mai ciwon yana bayanta.

Matar Direba kuma ta sami sana'a. Ta fito da kujera ta kafa a bakin ƙofar waje, tana tsifar kan 'yarta ko gyaran ganye, idonta a kan duk mai fita. "Duk wanda ya nufi asibiti ai za mu gan shi," take cewa da ƙarfi yadda zan ji. "Ranar zan ga bakin da ya ci mutuncin mijina."

Ana cikin haka wata rana Baban yara ya fita bai karya ba. Da ma ya daɗe yana haka, ya ce in ya ci da safe nauyi yake ji a kan keken ɗinki. Da rana na zuba masa abinci na bi shi shago. Ban tarar da shi ba, maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya ce ya je sayen zare. Na shiga na zauna. Shagon kamar kullum, ƙyallaye ko'ina, zare a ƙasa, kofin shayi har ya yi baƙi-baƙi. Hannuna ba ya iya zama, na ɗauki tsintsiya.

Da na jawo buhun ƙyallaye daga ƙarƙashin teburin yanka, hancina ya riga idona. Warin nan ne. Ko a kabari aka tashe ni zan gane shi. Na zazzage buhun da ƙafa. Can ƙasa ga gajeren wandonsa a dunƙule, wanda na yi ta nema a wanki ban gani ba, da wani, da wani. Na sa sandar awo na buɗe ɗaya. Baƙin ya bushe ya yi tauri a jikin yadin. A gefe kuma ga fatun maganin ciwon baya, waɗanda aka ɓare aka shanye, sun fi cikin tafi biyu.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Na fita bayan shago na yi amai har sai da idona ya kawo ruwa. Ƙyama ce, ba zan yi ƙarya ba. Mutumin da nake kwana kusa da shi, nake ci kwano ɗaya da shi. Amma kafin in miƙe wani abu ya danne ƙyamar, tsoro ne.

Na hango shi yana tahowa. Ban san yaushe rabon da in tsaya in kalle shi ba. Tafiya yake yana hutawa, ɗan tudun bakin shago ma sai da ya dafa bango yana haki. Leɓensa ya yi fari fat. Ya shigo ya ga abin da ke ƙasa, ya gan ni, ya zauna a kan kujerar keke.

"Baban yara, kai ne."

"Basir ne. Ina shan magani."

"Basir ɗin wa? Ba ka ji abin da Sista ta ce ba? Kawo hannunka."

Na juya tafinsa. Fari kamar takarda.

"Tashi mu je asibiti."

"Ba inda za ni."

"Mutuwa za ka yi fa!"

"To in mutu." Ya ɗago ya dube ni, shi da ko yara ba ya iya yi wa tsawa. "Ina zaune da kofi a hannu kika ce ba mutum ba ne ni. Kika ambaci mahaifiyata. Duk gidan sun ji. Yanzu in je a kwantar da ni, waccan matar ta bi ɗaki ɗaki tana cewa ashe mijin Duba-gari ne ruɓaɓɓen? Yarana su fito wasa a ce musu 'ya'yan mai baƙin kashi? Na zuba ruwa, Maman yara. Wallahi kullum sai na zuba har hannuna ya gaji. Ba ya tafiya."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Na ce mu wuce daga nan shago, ba mai gani. Ya ce in an riƙe shi a can fa, wa zai rufe bakin gida? Na ce zan kira yayansa. Ya ce in na kira, in haɗa kayana. Sanyin mutum wani lokaci ya fi zafinsa taurin kai. Abincin da na kawo ma cokali biyu ya yi ya ture, ya dafe saman cikinsa.

Washegari da safe ya tashi zai ɗauki hularsa a kan ƙusa, sai na ga ya yi luu, ya kama ƙyauren ƙofa da hannu biyu. Ya tsaya haka idonsa a rufe, gumi yana tsattsafo masa. Da ya buɗe ido ya ce jiri ne kawai, yanzu zai wuce.

Na ɗauki mayafina na fita tsakar gida. Lokacin layin famfo ne, kowa yana nan da bokitinsa, matar Direba tana kan kujerarta. An ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Na tsaya daidai inda na tsaya ranar farko.

"Jama'a, ku saurara. Abin nan da ake gani a banɗaki, ni ce."

Masu layin famfo suka juyo.

"Ni ce nake yi. Na yi ta hayaniya ne don kada a gane. Yanzu ciwo ya ci ƙarfina, Baban yara zai raka ni asibiti."

Bakina har ɗaci yake da na faɗa. Ni, da ko a kujerar wani ba na zama sai na kaɗe. Ji na yi kamar na ɗebo abin da hannu na shafa a fuskata. Wata ta janye bokitinta daga kusa da nawa. Matar Direba ta miƙe, ta tafa hannu, ta yi wata shewa da ta tashi tsuntsaye a kan wayar lantarki.

"Ayyiriri! Ashe Duba-gari ba ta duba gidanta ba! Ku fito ku ga mai tsafta! A kawo mata ta lashe, ai ita ta yi alkawari!"

Sista tana bakin ƙofarta da buroshin haƙori a baki. Ta dubi leɓena, ta dubi idona, sannan ta dubi bayana, inda Baban yara ya fito yana riƙe da bango. Ta tofar da kumfa ta ce, "Bari in saka takalmi, tare za mu."

Na isa gare shi na ce da ƙarfi, "Riƙe ni, ba na iya tafiya." Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sannan ya sa hannu a kafaɗata. Haka muka ratsa tsakar gida ana kallo ana dariya, wai shi ne yake riƙe da ni, alhali nauyinsa duk a wuyana yake.

A asibiti, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ya yi ta tambaya, kala, danƙo, wari, sau nawa, Baban yara ya sunkuyar da kai, ni nake amsawa, don ba wanda ya kai ni sanin abin. Suka kwantar da shi, suka sa masa ruwa. Can suka zura masa wani siririn tiyo mai kyamara ta baki har tumbi. Bayan sun gama Likita ya kira ni ya nuna mini hoto. Ban so gani ba, amma na gani: wani jan nama jiƙaƙƙe mai lanƙwasa-lanƙwasa, a tsakiyarsa rami mai farin baki, da ɗigon baƙi a ciki. Ashe abin da kowa ke yawo da shi a ƙarƙashin riga ke nan, har da masu guga da turare.

"Mun tsayar da zubar," in ji Likita, "amma jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Sai an ƙara masa yau, kuma irin nasa ya ƙare mana. Ki nemo masu bayarwa."

Aka gwada nawa, bai dace ba. Na kira yayansa, yana wani gari, sai gobe zai iso. Sista ta ce gobe ta yi nisa.

Na kamo hanyar gida da la'asar in ɗauko masa kaya in kuma yi tunanin ƙofar da zan buga. A leda na riƙo takalminsa da hularsa da agogonsa. Sai da na kusa na tuna: mara lafiya ce ta dawo da ƙafarta garau, mai rakiya yana kwance a gado. Ko yaro ya gani ya gama lissafi.

Matar Direba tana kan kujerarta. Ta dubi ledar, bakin takalmin ya leƙo. Ta dubi fuskata. Matan da ke tsakar gida suka yi cirko-cirko. Na tsaya na jira shewar, na ce a raina ta yi, ta rama, in dai ba a kunnensa ba ne.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sauke 'yarta daga cinya.

"Sannu, Duba-gari. Ya jikin naki?"

Da ƙyar na ce, "Da sauƙi."

"Me likita ya ce miki?"

"Jini. Wai sai an ƙara mini yau."

Ta juya ta ɗaga labulen ɗakinsu. "Kai, tashi ka saka riga. Duba-gari ce ke neman jini."

Direba ya fito yana miƙa, bakinsa da maiƙo, yana suɗe yatsa. Ya ce shi jininsa irin mai shiga jikin kowa ne, an taɓa gaya masa. Ya miƙo hannu zai karɓi ledar. Faratansa baƙi ƙirin da man inji da Allah kaɗai Ya san me, ya goge su a gaban rigarsa. Wannan jinin ne zai shiga jikin mijina. Yawu ya taru mini a baki.

Na haɗiye, na miƙa masa ledar, na ce mu yi sauri kafin a tashi daga ɗakin gwaji.